Igiyar Ruwa a Kwarin Tarka

A Hausar littafi, in teku ta taso ta yi tozo ta nufo gaɓa, sunan abin igiyar ruwa. A Hausar garinmu, cikin kwarin Tarka, igiyar ruwa ɗaya ce tak, ita ce wadda ake ɗaura wa wasaki a zura rijiya raƙumi ya ja. Duk rigimar da zan ba da labarinta daga nan ta taso, kuma har gobe wanda ya ce laifina ne sai na yi musu da shi.

Babana ɗan rijiya ne. Tun kafin a haife ni yake shayar da dabbobin mutane, na Abzinawa da na Fulani da na 'yan gari. Rijiyarmu irin mai zurfin nan ce da in ka leƙa sai ka hango ruwan can ƙasa kamar ƙwayar ido. Raƙumi sai ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin wasaki ya iso baki, Baba ya cafe shi ya juye a kwami, ya yi wa mai jan raƙumin kira ya dawo, a sake. Haka tun asuba har rana ta karya. Tafin hannunsa ya yi kanta, in ya dafa kaina ina ƙarama har kallabina yake maƙalewa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata".

Na yi karatun lantarki a Damagaram. Da na gama aka ɗauke ni ƙaro karatu a wata ƙasa ta bakin teku. Baba ya yarda, amma da sharaɗi: shekara guda, in je in gani in dawo. In ana son ƙari, sai an sake zama. Na yi masa alkawari ba zan tsallake maganarsa ba, kuma da gaske nake. Ni mai baki ce, kowa ya sani, na yi faɗa da malamai na yi da 'yan tasha, amma ƙafata ba ta iya fita gari in Baba bai ce Allah ya kiyaye hanya ba.

Mutane sukan tambaye ni yadda na ji ranar da na fara ganin teku, suna jira in ce na yi kabbara. Haushi na ji. Ruwa ne kwance iya ganinka, ba mai tsaronsa, ba mai layi a kansa, ga shi kuma ko akuya ba ta iya sha. Na tsaya ina kallonsa yana ta tumami, na tuna hannun Baba, na ji kamar in zage shi.

Sai da aka kai ni wurin aikinmu na huce. A tashar jiragen ruwa akwai wata doguwar katanga ta siminti da manyan duwatsu da aka miƙa cikin teku, don ta karya ƙarfin igiyar ruwa, jirage su samu wurin tsayawa lafiya. A jikin katangar an gina wasu ɗakuna, gindinsu buɗe cikin ruwa, samansu rufe sai kafa ɗaya. In igiya ta bugo, ruwa ya hau cikin ɗakin ya matse iskar da ke sama, iska ta fice ta kafar nan da ƙarfi ta juya fanka. In igiya ta koma, ruwa ya sauka, iska ta sake kutsowa ciki ta kafar, ta sake juya fankar. An ƙera ta yadda ko ta ina iska ta fito, gefe ɗaya take juyawa. Fanka ta juya inji, wuta ta samu. Zugazugin maƙeri ne sak, sai dai a nan teku ke zuga, ba ta gajiya, ba ta neman fura.

Aikina shi ne bin wutar nan. Ba ta zuwa daidai, tashi take ta faɗi yadda ruwan ya ga dama, ni kuma ina neman dabarar da za a daidaita ta kafin a tura cikin waya. Gishiri yana cin ƙarfe, guguwa tana ɓalle abin da muka ɗaure, wani lokaci teku ta kwanta lamo ta bar mu muna kallon juna. Amma in na tsaya a kan katangar ina jin numfashin ɗakunan nan, huu, haa, ƙasa tana rawa ƙarƙashin takalmina, wallahi daɗin da nake ji ban taɓa jin irinsa a wani aiki ba. Kafin shekara ta ƙare suka ce suna so in zauna in ci gaba da su.

Tun farkon zuwana na aika wa Baba saƙon murya. Na yi ta neman kalmomin da zai gane, don duk karatun da Faransanci muke yi, har na samo su. Na ce, "Baba, aikin da aka ba ni, fitar da wutar lantarki ne daga igiyar ruwa." Ya amso mini murya cike da fara'a, "Madalla, Uwata! Igiya ai tamu ce. Ki koyo da kyau." Na yi dariya, na ɗauka barkwanci ne irin nasa. Daga nan duk saƙon da zai aiko sai ya tambayi igiya, ni kuma in ce igiya tana nan lafiya. Shekara guda muna hira, kowa da igiyarsa.

Na dawo gida cikin bazara, ana saura kaɗan Layya, lokacin da tabkuna duk sun ƙafe, rijiya ba ta hutawa. Da la'asar na sauka. Baba ba ya nan, ya kai raguna kasuwar Belbeji, can zai kwana. Ina shiga zaure na ga wata sabuwar igiya a naɗe an rataye ta a turke, mai kauri, ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Na ce, "Inna, tsohuwar ta tsinke ne?"

Ta ce, "Taki ce. Babanki ya ce ba za a fitar da wuta da tsohuwar igiya ba, kada ta ba ki kunya."

Na tsaya da jaka a hannu. Inna ta ci gaba tana murna. Ashe babu rumfar da Baba bai zauna ya ba da labari ba, daga Belbeji har Tanut. 'Yarsa ta tafi koyon yadda ake tatsar kuran, wato wutar lantarki, daga igiyar rijiya. Raƙumi yana ja, ruwa yana fitowa, fitila tana ci, kowa ya sa wayarsa caji a bakin rijiya. Kuma ya riga ya gaya wa mutane gobe da hantsi su zo su gani.

Na zauna a bakin ƙofa na yi wa Inna bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce, "Innalillahi." Na kira wayar Baba, a kashe. Na kira ta wanda suka tafi tare, ita ma haka. Babu caji. Ka ji irin abin da ke sa mutum dariya yana jin kuka.

Inna mace ce mai dabara. Sai ta jawo fitilar gidanmu mai cin hasken rana ta ajiye a gabana.

"Ke da kika yi karatun lakkol, ba ki iya ɓoye batirin nan cikin buhu? Ki ja 'yar waya ki naɗa jikin icen rijiya. In raƙumi ya ja, ki kunna. Ƙwan fitila ɗaya ya isa. Ki fitar da ubanki kunya, daga baya ku yi maganarku ku biyu."

Zan iya. Kafin a kira magariba zan gama haɗawa. Har ma da ta gaskiya zan iya, in samo ɗan injin fitilar keke in ɗaura inda igiya ke gudu, ƙwai ya yi ƙyalli. Amma na san mutanenmu. Yau ƙwai ɗaya, gobe a zo da wayoyi cike da kwando, jibi maigari ya aiko a kai masa har gida. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban da haka, na sha iskar gishiri shekara guda a kan katangar nan ina aikin gaske, ban yi shi don in zo in yi rufa-ido a gaban raƙuma ba.

Na ce, "Inna, ba zan yi ba."

Ta ce, "To, ki san dai a hannunsa komawarki take."

"Na sani."

Da hantsi na tafi rijiya. Na tarar da mutane sun fi na ranar suna. Ga makiyaya da rawunansu sun jingina da sanduna, ga mata da jarkoki, ga dattawan gari an shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin aduwa. Baba daga kasuwa kai tsaye nan ya wuto, ya aika an ɗauko sabuwar igiya, har ya ɗaura. Ya sa rigarsa ta Juma'a a wurin da kullum yake aiki da tsumma. Da ya hango ni fuskarsa ta washe, ya ce, "Ga Uwata nan!"

Na durƙusa na gaishe shi. Na rage murya na ce, "Baba, ina son magana, mu biyu."

Kafin ya amsa, Baffa ya ɗaga murya daga kan tabarma. Baffa yayan Baba ne, ya yi aikin biro, wato ofis, a Tanut har ya yi ritaya, kuma tun farko bai so tafiyata ba. Ya riga ya nema mini aiki wajen wani mai kafa panno, faifan hasken rana, a can Tanut.

"Wace magana kuma a ɓoye? Duk nan 'yan uwa ne. Madame injiniya, ga igiya ga raƙumi. Bismilla."

Yadda ya faɗi "igiya" yana murmushi, nan take na gane. Baffa ya taɓa zuwa Kwatano ɗauko mota, ya ga teku da idonsa. Ya san abin da nake nufi tun ranar da aka kunna masa saƙona. Shekara guda yana kallon ƙanensa yana yawo da magana kasuwa kasuwa, bai ce masa uffan ba, yana jiran wannan hantsin.

Na miƙe. Na ce, "Baba, igiyar da na ce ba wannan ba ce. Ruwan teku in ya taso yana birgima, shi ma igiya ake ce masa. Daga ita muke fitar da wuta. Wannan ta rijiya ba ta ba da komai sai ruwa."

Na ciro waya na nuna masa hoton katangar, ruwa yana dukanta yana farin kumfa. Ya karɓa da hannu biyu ya ƙura ido. Waya ta bi hannu hannu. Sai wata tsohuwa ta ce, "To ina igiyar?" Shi ke nan wuri ya fashe. Wani Bafillace har da riƙe ciki. Wani ya ce ashe sai an haƙo teku tukuna, a fara daga ina? Wani ya ce a bari damina ta zo a gwada a tabki. Baba yana tsaye cikin rigar Juma'a, igiya a hannunsa. Ban taɓa ganin ya ƙanƙance haka ba, kuma na ji zafin abin har cikin ƙashina.

Baffa ya bari dariya ta lafa, sannan ya gyara zama.

"To kun gani. 'Yar Damargu da karatun teku! Mu da ko kwaɗo sai da damina muke gani. Ga rana nan tana ƙona mu kyauta, ga aikin panno na jiranta a Tanut, ta zo ta amfani mutanenta. In ba neman suna ba, mene ne namu da teku?"

Maganar rana gaskiya ya faɗa, ban ƙi ba. Da a zaure ya faɗe ta, mu uku, da na saurara. Amma ba don rana ya tara wa ƙanensa dariya ba.

Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, zan amsa."

Inna tana can cikin mata tana yi mini alama da ido. Na kau da kai.

"Shinkafar da za a dafa ran Salla, ta ina ta shigo? Wayar da ke aljihunka, da pannon da kake so in kafa, raƙumi ne ya haifo su? Duk ta bakin katanga irin wannan suka sauka. Kullum muna cin arzikin teku, sai yau da aka ce 'yarku ta taɓa ta da hannu za a ce ba tamu ba ce? Kakanninmu da suka bi ayari suka ƙetare Sahara, akwai wanda ya ce musu ku zauna, ba a gonarku gishiri yake ba? Samarin garin nan nawa ne suke arewa suna ɗaukar bulo a ƙasar mutane? Ba wanda ya tara jama'a ya yi musu dariya. Masu kafa panno suna da yawa, Allah ya ƙara su. Ni wannan na iya, shi nake so, kuma ba zan ji kunyarsa ba don an haife ni nesa da ruwa."

Na juya wajen masu dariya. "Ku kuma, Babana bai yi wauta ba. An ce masa igiya, ya ji igiya, wadda ya shayar da dabbobinku da ita tun ba a haifi wasunku ba. Wanda ya san bambancin ya yi shiru, shi za ku tambaya."

Ban kalli Baffa ba, amma kowa ya kalle shi. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Dattawa suka fara salati, ana cewa yarinya ta yi rashin kunya. Wataƙila na yi. Baba ya miƙo mini wayata, ya tuɓe rigar Juma'a ya rataye a reshe, ya yi wa mai raƙumi kira. Dabbobi suna jiran ruwa.

Aka yi Salla aka gama bai yi mini maganar ba. In na gaishe shi ya amsa, in na kai masa fura ya sha, amma "Uwata" ta ɓace daga bakinsa. A kasuwa an laƙaba masa Sarkin Teku. Baffa yana zuwa zaure kullum, ina jiyo muryarsa, yarinyar da ta yi wa manya tsawa a bainar jama'a in ta sake fita ba za ta dawo da sauran tarbiyya ba. Inna ta ce in je in ba Baffa haƙuri, in ce na karɓi aikin Tanut ko da na ɗan lokaci ne. Na je na ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, don wannan hakkinsa ne. Aikin kuwa na ce a ba wani. Can bakin teku suna ta tambaya ko zan dawo. Na shirya jakata na ajiye a bayan ƙofa. Ba zan tafi ba sai Baba ya ce, ba kuma zan ce na fasa ba.

Ranar da motar Tanut ke biyowa ta garinmu, wadda in ta wuce ni gurbin aikina a bakin teku ya tafi, na bi Baba rijiya da sassafe. Na tsaya gefen kwami ina kore awakin da ke kutsawa cikin shanu. Ya juye wasaki, ya juye wani. Can, bai ko dube ni ba, ya ce:

"Wutar nan taku, za ta iso nan?"

Na san amsar da za ta buɗe mini hanya. Kalma ɗaya ce, in sha Allah, kuma ba wanda zai kama ni da ita.

Na ce, "A'a, Baba. Ta yi nisa. Mutanen can za su sha ta. Ban ga ranar da za ta iso Tarka ba."

Ya gyaɗa kai. Raƙumi ya tafi, wasaki ya fito, ya cafe ya juye. Na ce a raina shi ke nan, na kashe kaina da bakina.

"Shi ruwan," ya ce, "wa ke jawo muku shi?"

"Ba kowa. Da kansa yake zuwa."

"Ba raƙumi, ba mutum?"

"Babu. Dare da rana yana zuwa, ko an kira shi ko ba a kira ba."

"Kuma ku sa shi aiki."

"Mu sa shi aiki."

Ya tsaya da wasaki a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarsa. Mai raƙumi yana can nesa yana jiran kira, shanu suna ture juna. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa, irin murmushin da yake yi in ya kayar da mai wayo a ciniki.

"Tun ina yaro nake yi wa ruwa bauta," ya ce. "Bai taɓa tako ɗaya ya taryo ni ba. Tashi ki tafi, Uwata. Ki sa shi aiki, kada ki tausaya mishi."

Na durƙusa a cikin caɓi, ya dafa kaina da jiƙaƙƙen hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ɗago kai. Shi kuwa ya riga ya juya ya ƙwala wa mai raƙumi kira, ni kuma na kama gudu gida, don an ce motar ta iso bakin gari.